Ba Baffa Ne Ya Bar Sandunan a Rana Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Baffa kuwa ya riga mu isa. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a cikin zaurensa, yana zaune inda ya saba zama, da zaren kaki a hannunsa. Matarsa, wadda duk muke ce wa Inna, ta kai masa kunu ta tarar ya jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. Ta ce sau uku ta yi masa faɗa kafin ta gane ba zai amsa ba.

Mutane sun zo, ba mu ma san ya san mutane haka ba. Wata tsohuwa daga unguwar masu tukwane ta zauna a bakin ƙofa tana kuka tana cewa yanzu wa zai ɗinke mata guga bai karɓi komai ba. Kwana biyu da binne shi wasu Buzaye uku suka sauka daga wajen Iferwan. Ba su ji labari ba, sirdi suka kawo gyara. Da aka gaya musu, babbansu ya koma wajen raƙuminsa ya dafa nasa sirdin, aikin Baffa, ya daɗe, sa'annan ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Wannan ya girmi ɗana na fari. Ko ƙusa ɗaya bai saki ba." Mahaifina, ƙanen Baffa, bai yi kuka a gaban mutane ba, amma na ga ya ɗauki takalman yayansa ya shiga da su ɗaki.

Ranar sadakar uku ina bayan bango da ƙwaryar gumba a hannu, sai na ji muryar taubashin Baffa daga cikin maza. Kun san taubashi ba ya barin wasa ko a bakin kabari.

"Allah ya jiƙan mai hannun kirki," in ji shi. "Bai taɓa ɓata aikin kowa ba sai na Nasara. Ku dai kun tabbata kun rufe shi da kyau? Kar a ce shi ma an manta shi a rana."

Maza suka yi dariya irin wadda ake yi a zaman makoki, ƙasa-ƙasa, don a sami numfashi. Ni kuwa sai da na ajiye ƙwaryar a ƙasa. Shekara tara ke nan ana yi masa wannan ba'a, ga shi ta biyo shi har bayan rai, kuma ni kaɗai ce a duniya na san ba shi ya yi ba.

Ni ɗiyar ƙanensa ce. A gidansa na tashi fiye da gidanmu, don bango ɗaya ne ya raba mu. Aikinsa sirdin raƙumi. Yana sassaƙa itace, yana jan fata, yana buga tagulla, duk shi kaɗai. Kafin ya sayi fata sai ya sansana ta. Ba ya magana in yana yanka, ko Liman ne ya yi sallama sai wuƙa ta kai ƙarshe. Rabin goro kullum yana cikin hularsa, kuma kullum sai ya nemi inda ya sa shi. In muka kawo masa abin da ya lalace muna gaggawa, sai ya ce, "Ajiye shi ya huce. Ku ma ku huce." Ba ya son a ce masa na gode sau biyu. Na biyun sai ya ce, "Na ji na farko, kunnena lafiya lau."

Rigima ɗaya na sani tsakaninsa da mahaifina, kuma a kaina ce. Da na gama lakwal, wato makarantar boko, ta nan Agadas, mushe malaminmu ya zo har gida ya ce a bar ni in tafi Yamai in ci gaba. Mahaifina ya ce ba da shi ba.

"Yaya, ka san abin da za ta dawo da shi? Za ta dawo tana ganin komai namu ƙazanta ne. Ta raina tukunyar uwarta, ta raina tabarmar da nake salla."

"Ka taɓa ganin ta raina wani?"

"Ba ta je ba tukuna."

"To bar ta ta je. In ta dawo da abin kunya, ni na ɗauka."

Mahaifina ya miƙe, don ba ya iya ɗaga murya a gaban yayansa. Amma kafin ya fita ya juyo ya ce, "Na bar maka. Sai dai ranar da ta fara gwada mana ta fi mu sani, ranar ta gama lakwal. A gabanka na faɗa, kuma da Allah na rantse." Wata guda ba su ci a akushi ɗaya ba. Ni ina bayan ƙyaure na ji duka, kuma na tafi Yamai da wannan rantsuwar a kunnena.

Ina shekara ta biyu a can aka kawo sabon lokotoro, wato likita, asibitin bariki na nan Agadas, wani dogon Bafaranshe mai saurin tafiya. Ya zo da wata jaka ta tamfol, a cikinta sanduna bakwai na wani wasa da suke ce wa golf. Da la'asar sai ya fita fili bayan inda jirgin sama ke sauka, ya binne gwangwanayen sardin a ƙasa nesa da juna, ya yi ta bugun wata 'yar farar ƙwallo yana binta a ƙafa har ta faɗa gwangwani. Mutanen gari suka ce zafi ya taɓa shi. Bai yi wata biyu ba sandunan suka fara bushewa, fatar mariƙinsu na warwarewa. Wani gardi mai tsaron bariki ya ce masa akwai mutum ɗaya a garin nan da zai iya, sai aka kawo jakar zauren Baffa.

Da na zo hutu na tarar da su a can. Baffa ya nuna mini su yana murna kamar an ba shi jikoki.

"Dubi nan, ɗiyata. Itace, fata, ƙarfe. Sirdi ne aka miƙar da shi tsaye. Wanda ya yi wannan ya san aiki, ko da bai san salla ba."

Biyu kansu na itace ne, dunƙulalle, biyar na ƙarfe. Jikinsu duka na wani itace ne mai lanƙwasa ya dawo, wanda ba ya fita a ƙasarmu. Baffa ya ce iskar Agadas ce maƙiyiyarsu, tana shanye itace kamar yadda take shanye rijiya. Saboda haka a ƙuryar zaure yake ajiye su, inda randa take, a kwance bisa tabarma, ba a tsaye ba, don kar su karkace. Kowace Alhamis sai ya fito da su. Ya ɗiga man da lokotoro ya ba shi a tafin hannu, ya murza har ya yi ɗumi, ya bi jikin sandar daga sama har ƙasa, kaɗan-kaɗan, ya bar ta ta sha, washegari ya goge. Kan ƙarfen akwai 'yan layuka da aka tsaga, sai ya bi su ɗaya-ɗaya da ƙayar bagaruwa yana fitar da yashi. Mariƙin kuwa ya kwance tsohuwar fatar Turai ya naɗa tasa, fatar akuya da ya jeme da kansa, bayanta a waje don kar hannu mai gumi ya zame. Ya ɗaure bakin da zare mai kakin zuma, ɗauri a jere, ko allura ba ta shiga tsakani. Lokotoro da ya riƙe ya ce ko a ƙasarsu ba a yi masa irin wannan ba. Ni na fassara wannan maganar, don in ina gida Baffa ba ya son tafintan bariki, ni yake kira. Daga nan ne kumandan, babban Baturen bariki, shi ma ya fara aiko masa da sirdunan sojojin raƙuma.

Ya kamata in faɗi abin da idona ya gani a lokacin, ko da ba daɗi. Ban ga gwaninta ba, maiƙo na gani. Sandunan sun yi duhu, suna danƙo, suna wani wari. A Yamai madam, malamarmu, ta koya mana cewa duk abin da ke danƙo a hannu gidan cuta ne, maganinsa ruwan zafi da sabulu da rana. Na ci lamba ta ɗaya a wannan darasin. Ina kallon Baffa yana shafa mai da hannun da ya gama cin goro, ina cewa a raina, wannan Bature zai ce mu ƙazamai ne.

Sai lokotoro ya tafi rangadi wajen Dirku, ya bar jakar. Baffa shi ma ya fita daji kwana biyu neman itacen sirdi, ya ba ni makullin ƙurya don in riƙa cika randa. Rana ta biyu Inna da matan gida suka tafi bikin suna tun da safe. Na tsaya ni kaɗai da makulli da kyakkyawar niyya.

Na dafa ruwa. Na zuba a kwatarniya da sabulu, na ƙara kanwa don maiƙon ya fita da kyau. Na jiƙa su, na dirje su da soso ɗaya bayan ɗaya, har mariƙin, har kawunan itacen. Ruwan ya yi baƙi, ni kuwa ina jin daɗi. Na canza ruwa sau biyu. Da suka yi fari tas sai na hau da su soro na jera su a rana, na sauko na yi wankina ina waƙa.

Da la'asar na hau. Fatar ta ƙanƙance ta yi tauri kamar kilishi. Sandunan sun yi toka-toka, sun karkace, biyu sun tsage a tsaye. Babban kan itacen ya dare gida biyu, na ɗaga shi rabin ya faɗo a ƙafata. Na kwashe su na mai da ƙurya na rufe, kamar rufewa za ta gyara wani abu.

Baffa ya dawo washegari kafin azahar. Ya shiga ƙurya, ya daɗe. Sa'annan ya kira ni, ba da ƙarfi ba. Na tarar ya durƙusa yana sansana ɗaya daga cikinsu.

"Kanwa?"

"I, Baffa. Da sabulu."

"Ruwan zafi?"

"I."

Ya juya sandar a hannunsa. "Kin wanke da kyau kuwa," in ji shi. Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na fara kuka ina cewa zan je in gaya wa mahaifina. Ya ɗago kai.

"Wa ya gan ki?"

"Babu kowa."

"Ki gaya masa me? Cewa kin zo da ilimin Yamai kin wanke ƙazantar yayansa? Kin manta da abin da ya rantse a kai?"

Ban manta ba. Shi ne ma abin da ya fara zuwa mini a bisa soro, kafin tausayin sanduna, kafin tausayin Baffa. Wannan ma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

"Share fuskarki," in ji shi. "Je ki hura wuta. Ba ki shigo nan ba."

Kwana biyar ya yi a kansu, bai taɓa sirdi ko ɗaya ba. Ya shayar da su mai, ya ɗaure masu karkata a jikin miƙaƙƙen katako, ya goge tsatsar da ta hau ƙarfen da toka mai laushi, ya sake naɗin fata. Huɗu suka dawo. Uku ba su dawo ba, har da babbar.

Ranar da lokotoro ya zo, Baffa ya aika a kira ni. Na ce a ce masa kaina na ciwo. Ya sake aikowa: in ban zo ba za a kawo tafintan bariki, shi kuma mai tambaya ne da yawa. Na zo na tsaya tsakaninsu. Baffa ya shimfiɗa sandunan bakwai a bisa tabarma, masu lafiya gefe, matattu gefe.

"Gaya masa na fito da su in sha musu iska, na tafi daji na manta su a rana. Gaya masa tsufa ne. Laifina ne."

Na buɗe baki. Faransancin da ya yi rigima da ƙanensa don in koya, da shi na ce, "Il dit que c'est sa faute." Ya ce laifinsa ne. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kuma madam da ta ji da ta yaba yadda na furta.

Lokotoro bai yi ihu ba. Ya tsuguna ya ɗauki rabi biyun nan ya haɗa su, suka sake rabuwa a hannunsa. Ya yi magana a hankali. Na ce wa Baffa, "Ya ce ba komai."

"Ɗiyata, ina ganin fuskarsa. Faɗi duka."

Sai na faɗa. Ya ce sandunan na mahaifinsa ne, wanda ya mutu a yaƙi, kuma su kaɗai suka rage masa. Ya ce an gaya masa wannan tsohon shi ne mai amana a duk ƙasar Abzin, ya yarda, kuma kuskurensa ke nan. Baffa ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye. Ya ce, "Gaya masa yana da gaskiya." Wannan ma na fassara. Lokotoro ya kwashe kayansa da kansa, bai bari kowa ya taɓa jakar ba.

Kukun lokotoro ya kai labari kasuwa kafin magariba. Sirdunan bariki aka mai da su wajen wani. A gari kuwa abin ya zama abin dariya. Duk wanda ya kawo gyara sai ya ce, "Ga shi, amma don Allah kar a manta shi a rana." Baffa ya yi dariya tare da su. Wani lokaci ma shi ke riga su faɗa. Mahaifina da kansa ya ce masa a gabana, "Yaya, kai ma ka fara tsufa," shi kuma ya ce, "Ai kana bayana, kar ka yi gaggawa." Bayan mako uku na hau kamyo, babbar motar kaya, na koma Yamai. Shi ya ɗauki akwatina har tasha.

Na gama lakwal. Na koyar shekara biyu, aka yi mini aure, na zauna a ɗakina, kuma ban yi nadamar zaman ba. Amma in na auna, abin da karatun nan ya zama shi ne in karanta wa matan unguwa wasiƙun 'ya'yansu, in duba musu takardar magani in ce sau nawa za a sha. Ban sani ba ko wannan ya kai sunan mutum kamar Baffa. Allah ne ya sani.

Sau ɗaya na gwada. Ana saura kwana kaɗan bikina na shiga zaure na ce, "Baffa, yanzu ba abin da za a cire ni daga ciki. Bari in faɗa."

Yana yanka, sai da wuƙa ta kai ƙarshe.

"Lokotoro ke ya ba wa sandunan ko ni?"

"Kai."

"Wa ya ba ki makulli bai ce miki kar ki taɓa ba?"

"Amma ƙarya aka yi, Baffa."

"Ni na yi ta. Na roƙi gafara a kanta, kuma ni zan amsa. Ke amarya ce, je ki sa lalle."

Na fita, kuma gaskiya na ji sauƙi da ya hana ni. Da na so, da na faɗa ko ya hana. Sai na riƙa cewa biyayya nake yi. Shekara bayan shekara ina kai masa tuwon salla, ina durƙusawa in gaishe shi, ina jin ba'ar nan a bakin zaure in wuce kamar ba da ni ake ba.

Ranar sadakar bakwai, bayan mata sun watse, na shiga ɗakin da Inna ke takaba. Tana zaune a kan tabarma da carbi. Na zauna a bakin ƙofa na faɗa mata duka, tun daga kwatarniya. Ina tsammani za ta ce ta daɗe da sani, don haka tsofaffi kan ce. Ba ta sani ba. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Ke ce?"

"Ni ce, Inna."

"Shekara tara," in ji ta. "Duk ranar da muka yi faɗa sai na ce masa, kai da ka kori aikin bariki da mantuwarka. Ranar da hatsi ya ƙare na faɗa. Ranar da ya rasu ma, da na kai kunu ya ƙi amsawa, cewa na yi, ko ni ma ka manta ni a rana ne?" Ta rufe fuska da mayafi. "Shi yana jin wannan duka, bai taɓa ce mini uffan ba. Ke kuma kina shigowa kina cin abincina."

Na matsa zan riƙe ƙafarta, ta janye.

"Ba ni za ki gaya wa ba. Ni ban yi dariya a kasuwa ba, a ɗaki na yi tawa. Kin iya rubutu, ko ba shi ya tsaya aka koya miki ba? Rubuta. Mijinki ya karanta a ƙofar gida ranar arba'in, da ubanki a zaune, da taubashin, da kowa. Kar ki gyara komai."

Shi ne wannan rubutun da kuke ji. Tun ranar nan Inna tana amsa gaisuwata, ba ta ƙara komai a kai. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga ina da bakin roƙo ba tukuna.

Ku da kuke zaune kuna ji, iyayena da maƙwabta da abokan aikinsa, mutumin da kuka kai makwanci bai taɓa mantawa da amanar kowa ba, ko ta Musulmi ko ta Nasara. Ni na jiƙa sandunan, ni na hau da su soro, ni na tsaya na fassara ƙarya a kansa da bakina. In akwai sauran dariya, ƙofata a buɗe take, ku kawo mini ita.

Ya Allah, Kai Ka ga wanda ya rufa asirin yarinya da sunansa. Ka rufa masa nasa ranar da asirai ke tonuwa, Ka yafe masa ƙaryar da ya yi domina, Ka faɗaɗa masa kabari, Ka sanyaya zuciyar Inna. Baba, kai kuma ka yi haƙuri, abin da ka ji tsoro ya faru tun shekara tara, yayanka ne ya tare. Amin.